Mai Reno Kike Nema, Ko Wadda Za A Rena?

Na gaji da jin saƙon nan: "Don Allah in kin je gida ki samo mini yarinya, amma ƙarama, wadda idonta bai buɗe ba." Da shi ake aiken macen da za ta hau motar Boɗinga ko Shagari daga birnin Sakkwato. Malamar makaranta, ma'aikaciyar jinya, matar ɗan kasuwa, duk bakinsu ɗaya. Kwana kaɗan sai ka ga an sauko da 'yar shekara tara daga wani ƙauye na wajen Sifawa ko Dancaɗi, kayanta a leda, wai ita za ta riƙe jaririn wata huɗu har uwar ta taso daga aiki.

Mai reno kowa ya san aikinta: goyo, ciyarwa, wanki, lura. Maganar ita ce wa ya dace a damƙa wa.

Masu neman ƙarama sukan ce ta fi biyayya. Wannan tsoro ne, ba biyayya ba, kuma yaro mai tsoro ɓoye laifi yake yi. In jariri ya suɓuce mata ya bugu da kai, ba za ta faɗa ba, don ta san dukan da ke jiranta. Sai dare ya yi yaro yana amai, a ce mayu ne ko iska. In kuka ya ishe ta, girgiza shi za ta yi da ƙarfi, ba ta san cewa girgizar jariri kan jawo zubar jini a ƙwaƙwalwa ba. Wa ya taɓa gaya mata? Ita ma shekaranjiya aka sauke ta daga baya. Ga barci, ga son wasa, waɗanda duk haƙƙinta ne a shekarunta, amma risho na kunne, bokitin ruwa na buɗe, yaro na rarrafe.

Sukan ce ta fi araha. To, araha ba ta ado. Kuɗin ma ba hannunta yake shiga ba: dillaliyar da ta kawo ta ta yanki nata, saura a kai wa uwa a tara na kayan ɗaki. Yarinyar ta tashi ba boko ba islamiyya, a jihar da kullum ake kukan yawan yaran da ba sa zuwa makaranta. Abin takaici, wata uwar ɗakin malama ce, tana koyar da 'ya'yan wasu, ta bar 'yar wani a gida da tsumman kashi. Akwai kuma dalilin da ba a faɗa a fili, wato tsoron kada babba ta ɗauke hankalin maigida. Hajiya, wannan matsalarki ce da mijinki, kada ki biya ta da lafiyar ɗanki. Talaucin iyayen yarinyar kuwa gaskiya ne, amma bai wanke wanda ya ɗauka ba.

Da yawa ba su san laifi ne ba. Dokar hana fataucin mutane ta 2015, wadda hukumar NAPTIP ke aiki da ita, ta haramta ɗaukar yaron da bai kai shekara 12 ba aikin gida, hukuncin ɗaurin wata 6 zuwa shekara 3 ne, kuma ya hau kan wanda ya kawo da wanda ya karɓa. Hukumar na da ofis a Sakkwato. A 2021 kuma Gwamna Aminu Waziri Tambuwal ya sa hannu a dokar kare yara ta jiha.

Ki nemi babbar mace, wadda ta haura 18, in ma ta taɓa haihuwa ko reno ya fi. Zawarawa da dattijai masu neman halal ba su ƙare ba a Boɗinga da Shagari. Ki san gidansu da ƙafarki, ki san mai unguwarsu, kada ki tsaya ga "'yar ƙanwar wance ce". Ki tambayi gidan da ta bari me ya raba su. Ku je babban asibitin Boɗinga ko na Shagari a duba ta, musamman in tana tarin da ya wuce mako biyu, domin tarin tibi na saurin kama jarirai, gwajinsa da maganinsa kuma kyauta ne a asibitin gwamnati. Ki dubi farcenta, ki ga ko tana wanke hannu da sabulu ba sai an ce ba.

Takardar makaranta ba dole ba ce, amma ta iya kiran waya, ta gane awon magani. Ki gwada ta da tambaya: in yaro ya kama gudawa me za ki yi? Ta san ruwan gishiri da sukari, lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. In zazzaɓi ya sa shi jijjiga, a kwantar da shi ta gefe, ba cusa cokali a baki, ba ɗura, sai asibiti. Ki ja mata kunne: ba ruwa, ba jiƙo kafin wata 6, ba zuma kafin shekara ɗaya, ba maganin mura don yaro ya yi barci. Makon farko ki zauna tare da ita, daga baya ki riƙa dawowa ba sanarwa.

Albashi a yanke shi gaban shaidu, a faɗi ranar biya da ranar hutu, a fayyace ko reno ne kaɗai ko har da girki da wankin gida. Kuɗin kuma a sa mata a hannunta, ba a hannun dillaliya ba.