Kwantsa A Idon Kare Ba Abar Rainawa Ba Ce

Sau da yawa maigida kan ga kwantsa mai kauri a idon karensa ya ce ƙura ce, alhali kuwa tana iya zama alamar bushewar ido. Galibi garkuwar jikin karen ce ke lalata mafitar hawayensa. Idon kan yi ja, ya dushe, in aka yi sakaci gyambo ko makanta su biyo baya.

Gwajin ba wuya. Likitan dabbobi kan saƙala siririyar takarda a fatar ido ta ƙasa har minti 1. In jiƙewar ta kai milimita 15, lafiya lau. In ta kasa 10, cutar ce. Maganin saikulosporin kan maido da hawaye, musamman in an fara shi da wuri.