Attajiri, Malami da Ƙwaron Wake: Shawara Kan Masana'antu a Kudancin Jigawa

Duk ɗalibin da ke sauraren labarai a rediyo ya sha jin an ce gwamnati ta kafa kwamitin ba ta shawara a kan tattalin arziki. Idan aka karanto sunayen 'yan kwamitin, akan ji rukuni biyu: manyan 'yan kasuwa masu masana'antu, da kuma shaihunan malamai na jami'o'i. Mai yiwuwa ɗalibin kimiyya da ke Birnin Kudu ko Gwaram ya ɗauka wannan zance ne na mutanen Abuja, babu ruwansa da shi. Wannan maƙala za ta nuna cewa yawancin masana'antun da za su iya tsayuwa a yankinmu daga gona suke farawa, kuma abin da ke raya su ko ya kashe su yana nan cikin darasin ilmin halittu da ake koyarwa a aji.

Su Wane ne Masu Ba da Shawarar?

Wannan al'ada ta daɗe a Nijeriya. A shekarar 1987 aka yi dokar da ta kafa hukumar bincike da bunƙasa ɗanyun kayan masana'antu, domin a rage dogaro da kayan waje. A 1993 aka yi taron ƙoli na farko a kan tattalin arzikin ƙasa, inda jami'an gwamnati da 'yan kasuwa suka zauna wuri guda. A ƙarshen 1996 gwamnatin Janar Sani Abacha ta kafa kwamitin hangen shekarar 2010, mai mutum sama da 200, a ƙarƙashin Cif Ernest Shonekan, kuma ya miƙa rahotonsa a 1997. A 2017 aka ƙaddamar da majalisar ba da shawara a kan manufofin masana'antu, wadda Alhaji Aliko Ɗangote ya zama mataimakin shugabanta daga ɓangaren 'yan kasuwa. Sannan a 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya naɗa majalisar masana tattalin arziki mai mutum takwas, Farfesa Doyin Salami na shugabanta, Dokta Muhammad Sagagi na mataimakinsa.

Ga ɗaliban Birnin Kudu, ɗaya daga cikin waɗannan sunaye ba baƙo ba ne, domin Aliko Ɗangote ya yi karatunsa na sakandare a Kwalejin Gwamnati ta Birnin Kudu a cikin shekarun 1970. Ashe ke nan masu zama a irin waɗannan kujeru daga ajujuwa irin namu suka fito.

Dalilin haɗa rukunin biyu a fili yake. Ɗan kasuwa ya san farashi, ya san kuɗin dako da na wutar lantarki, ya san abin da mai saye ke so. Malami kuwa ya san dalilin faruwar abu, ya san yadda ake awo da gwaji, yana kuma iya hango matsalar da ba ta riga ta bayyana a littafin ciniki ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Misalai uku daga tarihin ƙasar nan za su nuna abin da kan faru idan jari ya yi gaba ya bar sani a baya.

Gyaɗa da Annobar 1975

Tun da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗa ta zama ƙashin bayan arzikin ƙasar Kano, wadda a wancan zamani ta haɗa da Birnin Kudu da Gwaram. Attajirai irin su Alhassan Ɗantata sun shahara da cinikinta, aka yi ta jera buhuna har suka zama dalar gyaɗa, daga bisani kuma aka kafa kamfanonin matse mai a Kano.

A farkon shekarun 1970 aka yi fari mai tsanani. Kafin manoma su farfaɗo, sai ga annobar kuturtar gyaɗa a 1975, wadda ta lalata kimanin hekta 700,000 a arewacin Nijeriya. Ƙwayar cutar bairos ce ke haddasa ta, kuma wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwari masu tsotsar ruwan ganye ne ke ɗaukar ta daga wannan shuka zuwa waccan. Shukar da ta kamu takan tsumbure, ganyenta ya murɗe ya ɗashe, ba ta yin 'ya'yan kirki. Manoma da yawa suka bar gyaɗa suka koma gero da dawa da wake. Ga shi kuma a lokacin kuɗin man fetur ya ɗauke hankalin gwamnati daga noma. Injinan matse mai suna nan lafiya lau, amma abin da za a zuba musu ya yi ƙaranci.

Maganin ya fito ne daga ɗakin bincike. Masana na Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, ta Jami'ar Ahmadu Bello, tare da abokan aikinsu na cibiyar ICRISAT, sun yi shekaru suna barbarar iri da iri har suka fitar da gyaɗa mai jure cutar, daga cikin jerin irin da ake kira SAMNUT. A lura da tsawon lokacin da wannan ya ɗauka: annoba ta ci gona a damina ɗaya, samar da iri kuwa aikin shekaru ne. Saboda haka shawarar da ta fi amfani ita ce wadda aka bayar tun kafin annoba ta zo.

Tumatir da Tsutsar 2016

A 2016 kamfanin Ɗangote ya buɗe masana'antar sarrafa tumatir a Kadawa ta Jihar Kano, wadda aka gina domin ta riƙa markaɗa tan 1,200 na ɗanyen tumatir a kowace rana. Bari mu yi ɗan lissafi. Idan babbar mota tana ɗaukar tan 30, ana bukatar mota 40 kullum. Dalilin wannan yawa shi ne, fiye da kashi 90 cikin ɗari na nauyin tumatir ruwa ne, ta yadda sai an ƙafe kimanin tan shida na ɗanye kafin a sami tan ɗaya na tumatirin gwangwani.

A wannan shekara ce wani ɗan ƙaramin ƙwaro dangin malam-buɗe-littafi, wanda masana ke kira Tuta absoluta, manoman Kano kuma suka laƙaba wa suna sharon, ya auka wa gonakin tumatir na Kano da Kaduna da Katsina da Jigawa. Asalinsa daga Kudancin Amurka yake. Ya shiga Sifen a 2006, daga nan ya bazu zuwa Afirka. Macen takan saka ƙwai har 260, kuma a yanayi mai zafi wata ɗaya ya isa ƙwai ya zama ƙwaron da zai saka nasa ƙwan. Tsutsarsa takan shige tsakanin fatar ganye ta sama da ta ƙasa tana ci, inda maganin feshi ba ya isa gare ta sosai. Farashin tumatir ya yi tashin gwauron zabo, Jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan lamarin, sabuwar masana'antar kuma ta tsaya ba da jimawa ba da buɗe ta, saboda rashin tumatir.

Darasin da ke nan shi ne, kafin a kafa harsashin masana'anta akwai tambayoyin da masanin halittu ne kaɗai zai amsa. Wane iri ne ya fi tsoka, ya rage ruwa? Wata nawa a shekara ake samun amfanin? Waɗanne ƙwari ne ke tafe daga maƙwabtan ƙasashe, kuma wa ke sa musu ido?

Wake da Fiya-fiya

A watan Yunin 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Nijeriya, saboda an sami ɓurɓushin maganin ƙwari mai suna dikilobos a cikinsa, wato sinadarin da ke cikin abin da muke kira fiya-fiya. Iyakar da suka yarda da ita ita ce miligiram 0.01 a kilo ɗaya, an kuwa yi ta samun abin da ya ninka haka sau da yawa. Wanda ya zuba maganin yana gudun ƙwaron wake ne, domin ƙwaron kan saka ƙwai a jikin ƙwayar tun daga gona, tsutsar ta huda ta shige ciki, cikin 'yan watanni buhu ya koma gari da ramuka. Abin tsoro kuma shi ne, waken da Turawa suka ƙi, irinsa ne ake dafawa a gidajenmu da makarantunmu na kwana.

Alhali akwai hanyar da ba ta bukatar guba. Masana na Jami'ar Purdue ta Amurka, tare da masana na ƙasar Kamaru, sun ƙirƙiro buhu mai ruɓi uku, leda biyu masu kauri a ciki da buhun saƙa a waje, wanda aka fara yaɗa shi sosai a Afirka ta Yamma daga 2007. Hikimarsa darasin numfashi ce. Kashi 21 cikin ɗari na iskar da muke shaƙa oksijin ne. Idan aka ɗaure buhun tam, ƙwarin da ke ciki za su shaƙe ɗan oksijin ɗin da ya rage, sai su daina ci da haihuwa, daga bisani su mutu. Ƙera irin wannan buhu sana'a ce ta ɗan kasuwa, amma tunanin daga malami ya fito.

Ina Birnin Kudu da Gwaram Suka Tsaya?

Kudancin Jigawa ya fi arewacinta samun ruwan sama, yana da fadamu, yana kuma noma gero da dawa da masara da gyaɗa da wake da riɗi da shinkafa, ga kuma kiwo. Birnin Kudu na kan babbar hanyar da ta tashi daga Kano ta nufi gabas, kasuwar Sara da ke ƙasar Gwaram kuwa na tara amfanin gona da dabbobi daga nesa. Ta fuskar masana, akwai Jami'ar Tarayya ta Dutse da aka kafa a 2011, da Jami'ar Sule Lamido da ke Kafin Hausa. Ashe akwai kaya, akwai hanya, akwai masana. Abin da ya yi ƙaranci shi ne sarrafawa, domin akasarin abin da aka noma ɗanye yake barin yankin.

Ɗauki riɗi. Kusan rabin nauyin ƙwayarsa mai ne. Wanda ya sayar da buhun riɗi da ƙasa da tsakuwa a ciki ya bar wa wani ribar tacewa da ta matsewa. Ɗauki shinkafa. Idan damshin shanshera bai sauka zuwa kimanin kashi 14 cikin ɗari ba, za ta yi funfuna a ajiya. Idan kuma ta bushe fiye da kima a rana mai zafi, sai ta tsattsage, injin casa ya mayar da ita tsaki. Ɗauki gyaɗa da masara. Funfunar da ake kira Aspergillus flavus takan fitar da guba mai suna afilatoksin, wadda ke haddasa sankarar hanta. An gano ta ne bayan ta kashe talotalo kimanin 100,000 a Ingila a 1960, kuma girki ba ya kawar da ita. Mai ƙaramin injin ƙuli-ƙuli a Gwaram da mai babban kamfani a Kano duk suna fuskantar wannan haɗari, kuma rigakafinsa yana farawa ne daga shanya mai kyau da tsince ruɓaɓɓun ƙwayoyi.

Saboda haka shawarar da ta dace da wannan yanki ba lallai ta fara da katafaren kamfani ba. Tana iya farawa da iri mai kyau, da wurin shanya mai tsabta, da ma'aunin damshi a kasuwa, da ɗakin gwaji guda ɗaya da za a riƙa kai samfuri.

Inda Gizo ke Saƙa

Ba kowace shawara ke zama aiki ba. Rahoton hangen 2010 ya rasa mai riƙe shi bayan rasuwar Janar Abacha a watan Yunin 1998, kuma sau da yawa sabuwar gwamnati takan kafa nata kwamitin maimakon ta duba abin da na baya ya bari. Haka kuma, ɗan kasuwar da ke ba da shawara yana da nasa kamfanin, don haka wajibi ne a riƙa bayyana shawarwarin a fili domin jama'a su auna ko wa za su amfana. Shi ma malami yana da nasa rauni, idan bincikensa ya ƙare a kan kanta ba tare da ya isa gona ba. Sannan akwai kujerar da aka fi bari babu kowa, wato ta manomi da ta matar da ke turara shinkafa ko matse mai a cikin gida, alhali su ne suka fi kowa sanin inda asara ke aukuwa.

Aiki ga Malamai da Ɗalibai

Ana iya fara wannan ilmi a makaranta ba tare da kayan aiki masu tsada ba. A sami wake mai ƙwari a raba shi gida biyu. A cika kwalba ɗaya da shi har wuya a toshe ta tam, ɗayar kuma a rufe bakinta da ƙyalle kawai. Bayan mako takwas a ɗebi ƙwaya 100 daga kowace kwalba a ƙirga masu rami, a rubuta sakamakon. Gwaji na biyu na damshi ne. A zuba hatsi a busasshiyar kwalba tare da cokali biyu na gishirin da aka busar sosai, a rufe, a girgiza, a ajiye na ɗan lokaci. Idan gishirin ya manne a jikin kwalbar, hatsin bai bushe yadda za a ajiye shi ba.

Ɗalibin da ya iya tsara irin wannan gwaji, ya ƙirga da gaskiya, ya kuma bayyana wa mahaifinsa ko ɗan kasuwar garinsu abin da ya gani, ya riga ya fara aikin mai ba da shawara. Malamai su ƙarfafa wa ɗalibai gwiwa su maimaita gwajin da masara da gyaɗa, su kuma aiko wa wannan mujalla da sakamakon da suka samu.