Kafin A Yanke Wa Kwamfuta Hukuncin Mutuwa

A ɗakunan ajiya na makarantu da ofisoshi, sau da yawa akan tarar da kwamfutocin tebur a jibge, ƙura ta lulluɓe su, don kawai an danna maɓalli sun ƙi tashi. Galibi akan ɗora laifin a kan uwar allo, wato faffaɗan allon nan da masu gyara ke kira madabod, wanda furosesa da ram da sauran sassa ke maƙale a jikinsa. Alhali kuwa wani lokaci abin da ya lalace bai fi ƙwayar gyaɗa girma ba. Don haka mai gyara nagari, kamar likita, ba ya ba da magani sai ya gano cuta.

Kafin a taɓa komai, a zare wayar wuta daga bango, sa'an nan a dafa ƙarfen akwatin domin sauke wutar da jiki ke tarawa. Mutum ba ya jin tartsatsin wannan wuta sai ta kai kimanin bolt 3,000, amma ƙasa da bolt 100 na iya kashe wasu ƙananan sassa. Haɗarin ya fi yawa lokacin hunturu, sa'ad da iska ta bushe.

Matakin farko shi ne gwada akwatin rarraba wuta, domin allo mai lafiya ma ba zai motsa ba in babu abinci. A tsarin ATX, wanda kamfanin Intel ya fitar a 1995, kowane launin waya da aikinsa: rawaya bolt 12, ja bolt 5, ruwan lemo bolt 3.3, baƙi kuwa na ƙasa ne. A cire babban fulogin daga allo, a haɗa koriyar waya da baƙa da guntun ƙarfe, sa'an nan a mayar da wuta. In fanka ta juya, sai a auna da mita. Kada awon ya kauce da fiye da kashi 5 cikin 100, wato rawaya ta tsaya tsakanin 11.4 da 12.6. Amma ɗalibi kada ya kuskura ya buɗe cikin akwatin nan, don yana iya riƙe wuta mai kisa ko bayan an zare shi.

In wuta lafiya lau take, sai a rage wa allon kaya. A cire faifan ajiya da katunan ƙari, a bar furosesa da fankarta da ram guda ɗaya. A taɓa ƙusoshi biyu na maɓallin kunnawa da bakin sukundireba, ko maɓallin ne ya mutu. Duk lokacin da aka kunna kwamfuta, takan binciki kanta, abin da ake kira POST, ta bayyana matsalarta da ƙarar ɗan lasifika ko da ƙananan fitilu. Saboda haka in aka cire ram gaba ɗaya allon ya yi kuka, to da sauran rai. Har ila yau, a auna ɗan batirin CR2032 mai kama da kwabo, wanda ya kamata ya ba da bolt 3. Cire shi na 'yan mintoci kan goge gurɓataccen saiti.

Daga nan sai aikin ido da hanci. A nemi tabon ƙuna da ƙauri, a kuma duba kafasito, wato 'yan gwangwanayen da ke daidaita wuta. Mai lafiya kansa a shafe yake, wanda ya lalace kuwa yakan kumbura ko ya tsiyayar da ruwa mai launin tsatsa. Wannan cuta ta zama annoba tsakanin 1999 da 2007, lokacin da wasu masana'antun Taiwan suka yi amfani da ruwan sinadari maras inganci, wanda ke cin alminiyon yana haifar da iskar haidurojin har gwangwanin ya fashe. A 2005 kamfanin Dell ya ware kimanin dala miliyan 300, akasari don gyaran kwamfutocinsa na OptiPlex da abin ya shafa.

Wajen canji, a sami sabo mai adadin maikurofarad daidai da tsohon, mai jure bolt daidai ko fiye, a liƙa shi da dalma. A lura da ƙafar da ke gefen zanen ragi, domin in aka juya shi zai fashe. In kuwa fanka ta ɗan motsa ta tsaya nan take, ana zargin ɗaya daga taransistocin da ke kewaye da furosesa ya haɗe wuta. Wannan, da ƙonewar manyan sassan da aka manne a allo, aikin ƙwararre ne mai kayan aiki.

Rigakafi dai ya fi magani. Zafi ne babban abokin gāba, domin ƙarin digiri 10 na Salshiyas kan rage kusan rabin rayuwar irin wannan kafasito. A riƙa hure ƙura, a bar wa iska hanya, a kuma sa na'urar daidaita wuta. Malamin da ya fito da matacciyar kwamfuta ɗaya da mita ɗaya gaban ajinsa, ya sami darasin kimiyya a aikace, wataƙila ma makaranta ta sake samun na'urarta.