Maɓallin da Yatsa Ya Saba da Shi

Duk wanda ya zauna da samarin Gusau bayan La'asar, ko ya ratsa Tsafe ko Bunguɗu, ba zai rasa ganin waɗansu sun duƙufa kan wayoyinsu suna buga ƙwallon PES ta hanyar PPSSPP ba, wato manhajar da Henrik Rydgård ya fitar a 2012 domin ta kwaikwayi na'urar PSP ta kamfanin Sony.

Mas'alar da ta fi ɗaukar hankalina ita ce halin da manhaja ke zuwa da shi tun kafin mai ita ya taɓa kome, domin galibin mutane ba su leƙa saiti har abada. Misali, a Japan, al'ada ta gudana a kan cewa a na'urorin wasan Sony maɓallin da'ira shi ne na amincewa, na X kuwa na fasawa, alhali a Turai da Amurka akasin haka ne, kuma Sony bai daidaita su ba sai a 2020, da fitowar PlayStation 5. To, yaron da ya koyi wasa a gidan gem, wanda babban yatsansa ke zuwa kan X ba da shawararsa ba, idan aka tura masa wasan Japan sai ya danna domin ya shiga, ya ga an mayar da shi baya, ya zaci wayarsa ce ta lalace.

PPSSPP ta tanadi wurin zaɓen maɓallin amincewa, wannan kuwa hikima ce, sai dai ba kowane wasa ke bin zaɓin ba. A ganina, haƙƙin mai wasa ne a tambaye shi maɓallin da ya saba da shi tun buɗewar farko.