Madubin da ke hango inda ƙwayar maleriya ke kama jini

Da zarar damina ta kankama a Giwa Tazo da sauran garuruwan Maiyama, Jega da Aliero a jihar Kebbi, sai asibitoci su cika da iyaye mata goye da yara masu zafin jiki. Binciken maleriya na ƙasa na 2021 ya gano ƙwayar cutar a jinin kashi 49 cikin ɗari na ƙananan yaran Kebbi da aka gwada, adadin da ya fi na kowace jiha a Najeriya.

Ma'aikacin ɗakin gwaji yakan ɗiga jini a gilashi, ya rina shi, ya leƙa madubin likita mai ƙara girma sau dubu. Zai ga ƙwayar kamar ɗan zobe a cikin jar ƙwayar jini. Amma yadda aka yi ta shiga ciki, wannan ya fi ƙarfin madubinsa, komai tsadarsa kuwa.

Dalilin yana cikin halittar haske. Tun 1873 Bajamushe Ernst Abbe ya nuna cewa idan tazarar abubuwa biyu ta gaza kimanin nanomita 200, madubin haske zai haɗe su wuri guda. Nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita. Su kuwa makarɓai, wato ƙananan furotin da ke jere a fatar kowace ƙwayar halitta suna karɓar saƙo, galibi girmansu bai wuce nanomita goma ba. Ta kansu insulin ke isar da umarninsa, magunguna da yawa ke aiki, kuma su ƙwayoyin cuta ke damƙa kafin su kutsa ciki.

Fiye da shekara ɗari masana na ɗaukar wannan iyaka a matsayin wadda ba ta ƙetaruwa. A 1994 Stefan Hell ya kawo dabarar STED: hasken leza ɗaya ya kunna rini mai ƙyalli, na biyu ya kashe kewayensa, sai ɗan mitsitsin ɗigo ya rage. A 2006 Eric Betzig da abokan aikinsa suka fito da PALM, Xiaowei Zhuang ta jami'ar Harvard kuma ta fito da STORM. Wanda ya hango kasuwar dare daga nesa zai ga fitilu sun haɗe sun zama haske guda. Da za a riƙa kunna su ɗaya bayan ɗaya, da ya san mazaunin kowace. Haka PALM da STORM ke yi. Ana liƙa wa makarɓai rini mai ƙiftawa, a ɗauki dubban hotuna, kwamfuta ta auna tsakiyar kowane ɗigo, ta harhaɗa hoto mai rarrabe abubuwan da ke da tazarar nanomita 20 zuwa 30. A 2014 Hell da Betzig da William Moerner suka sami lambar yabo ta Nobel a fannin sinadarai.

Masu binciken maleriya ba su yi sanya ba. Shigar ƙwayar cikin jar ƙwayar jini ba ta kai minti ɗaya, ga ta kuma 'yar ƙarama, shi ya sa aka daɗe ana hasashe. A 2011 ayarin Jake Baum na cibiyar Walter and Eliza Hall da ke Melbourne a Ostareliya ya yi amfani da wani nau'in sabon madubin, ya nuna matakan dalla-dalla: ƙwayar ta manne, ta fesa furotin ɗinta a fatar ƙwayar jinin, ta kafa zobe, sannan ta tura kanta ta cikinsa. A shekarar ce kuma masana a cibiyar Sanger ta Ingila suka gano cewa falciparum, nau'in da ya fi kashe yaran Afirka, ba ya iya shiga sai furotin ɗinsa RH5 ya kama wani makarɓi mai suna basigin.

Jinin mutanen yankinmu ma shaida ne. Tun 1976 aka tabbatar cewa yawancin mutanen Afirka ta Yamma ba su da makarɓin Duffy a jajayen ƙwayoyinsu, wanda nau'in vivax ke dogaro da shi, shi ya sa nau'in bai yawaita a nan ba.

Amfanin wannan sani ya fara isowa gida. Rigakafin R21 da aka soma yi wa yara a Kebbi da Bayelsa a Disamba 2024 yana tare ƙwayar ne kafin ta zauna a hanta. Wadda ta kuɓuce ta faɗa jini kuwa, ita masanan Oxford suka nufa da rigakafin RH5, wanda gwajinsa a Nanoro ta Burkina Faso ya rage kamuwar yara da kashi 55 cikin ɗari.

Jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero, wadda aka kafa a 2006, da kwalejin kiwon lafiya ta Jega suna yaye matasa masu aikin gwaje-gwaje a tsakiyar yankin da cutar ta fi kamari. A 2022 an ƙaddamar da shirin Africa Microscopy Initiative a jami'ar Cape Town ta Afirka ta Kudu, inda masu bincike daga ko'ina a nahiyar ke neman gurbi su je su duba samfuransu da manyan na'urori.