Kayan da aka sa a jiki ba a mayar da su da sunan sabo

Yawancin matan da ke karɓar rance daga akwatin ƙungiya sana'ar sutura suke yi. Wata tana saro hijabai da gyale daga shagunan Sabon Gari a Gusau, ta kai su Kwatarkwashi ko Nahuce. Wata tana haɗa kuɗi da mai zuwa Kantin Kwari a Kano ya saro mata atamfa da dogayen riguna. Wata kuma dillaliya ce, tana shiga gida gida a Tsafe ko 'Yandoto, domin matan da ba su fita kasuwa su ga kaya a ɗakinsu. Duk wannan ciniki a kan amana yake tafiya, saboda sau da yawa ana barin kaya a hannun mai saye kafin ta biya ko kwabo.

Akwai wata ɗabi'a da ke cinye wannan amanar a hankali. Mace za ta karɓi doguwar riga ko mayafi ranar Alhamis, ta ce, "Bari maigida ya dawo ya gani." Ranar Asabar ta sa ta tafi biki, a yi hotuna da ita. Ranar Litinin ta ninke ta mayar cikin leda, ta ba yaro ya kai, da saƙon cewa "wai ba ta yi mata ba". Da yawa ba su ɗauki wannan a bakin komai ba, tunda dai rigar ba ta yage ba. Bari mu duba wanda yake biyan kuɗin wannan kwalliyar.

Lissafin asarar

Mu ɗauki misali. Wata 'yar ƙungiya ta ci rancen naira 60,000, ta saro dogayen riguna 6, kowace a kan 10,000. Tana sayar da kowace 12,000. In duka sun tafi, ribarta 12,000 ke nan, kuma a ciki za ta cire kuɗin mota.

To an dawo mata da riga ɗaya tana ƙanshin humra da turaren wuta, ga hoda a wuya, ga alamar gumi a hammata. Duk macen da ta shinshina ta san an sa. In ta wanke, ƙyallin sabunta ya tafi. Dole ta karya kuɗin, a ce ta sayar 7,000. Ta rasa ribar 2,000, ta kuma rasa 3,000 daga uwar kuɗi. In aka yi mata haka sau biyu, 10,000 ta fita daga cikin 12,000 ɗin da take sa rai, ga kuɗin mota ba a cire ba. Wahalar wata guda ta tashi a banza.

Asarar ba ta tsaya a kanta ba. Ranar biyan rance za ta zo da rabi. Wadda ke jiran layi domin ta saro gyaɗa ko waken suya lokacin kaka, kafin farashi ya tashi, sai ta ji an ce akwati babu kuɗi. Ranar rabon ƙarshen shekara kuma kowa ya ga kasonsa ya ragu. Irin wannan tsarin adashi mai akwati da muke yi ya samo asali ne a Maradi, a Jamhuriyar Nijar, a 1991, da sunan Mata Masu Dubara. Ba banki ke zuba kuɗin ba, mata ne ke tara nasu da kansu. Don haka wadda ta cuci mai rance, kuɗin maƙwabtanta ta taɓa, wani lokaci har da nata.

Ba kowace mayarwa ce laifi ba

Kada a fahimci cewa duk wadda ta mayar da kaya ta yi zalunci. Akwai hanyoyi uku da babu laifi a cikinsu.

Ta farko ita ce aibi. Kin saya, kin je gida kin buɗe, sai kika ga huda, ko tabo, ko yadi bai cika ba, kuma ba a faɗa miki ba. Haƙƙinki ne ki mayar. Addini ya ba ki wannan, haka ma dokar tarayya ta kare haƙƙin masu saye ta 2018 ta ba mai saye damar mayar da kaya mai aibi. Amma ki mayar da zarar kin gani. Idan kin ga aibin, kika ci gaba da sawa, kin nuna kin yarda da shi.

Ta biyu ita ce sharaɗi. Kun yi magana tun farko cewa za ki kai gida ki gwada ko ki yi shawara. Malamai suna kiran wannan cinikin zaɓi. A littafin Muhtasar na Shehu Halil, wanda ake karantarwa a zaurukan malamanmu, wa'adin zaɓi a kan tufafi kamar kwana 3 ne. Littafin ya kuma bayyana cewa sharaɗin mai saye ya riƙa sa tufafin a cikin kwanakin nan yana ɓata cinikin, kuma wanda ya sa zai biya ladan sawar. Gwadawa a ɗaki don a ga tsawo da faɗi daban, shiga taro da kaya daban.

Ta uku ita ce alfarma. Ciniki ya faɗa, ba aibi, amma kin yi nadama ko wata lalura ta taso. Ki je da kanki ki faɗi gaskiya. In mai kaya ta karɓa, ta kyauta kuma tana da lada. In ta ƙi, ba ta yi laifi ba, kada ki bi gari da ita.

Ita ma mai sayarwa da nata

In an dawo miki da kayan da aka sa, kada ki goge ki mayar leda ki sayar wa wata a matsayin sabo. Cutar da aka yi miki ce kika miƙa gaba. Ki ce, "Yaya, wannan an taɓa sawa sau ɗaya, shi ya sa na rage kuɗin." Za ki yi asarar kuɗi kaɗan, amma gobe in kin ce kaya sabo ne ba mai musa miki. Haka kuma in kin san akwai aibi, ki nuna tun kafin a taya.

In ba ki da halin saye

Mun san abin da ke kai mata ga wannan. An fitar da anko, dangin miji za su hallara, ba mai son a ce kullum kaya ɗaya take sawa. Kunya ce, kuma ba abin dariya ba ce. Amma akwai mafita ta halal. Ki nemi aro a fili wurin 'yar'uwa ko ƙawa. Ko ki ce wa mai kaya, "Hajiya, ba ni da kuɗin saye, haya nake so ta kwana ɗaya." Ku daidaita a kan kuɗi, ita kuma ta ware wannan rigar ta zama ta haya. Ko ki wanke naki na gida ki goge da kyau ki tafi. Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara, balle wanda aka karɓa da dabara. A ƙauye kuwa ba a ɓoye irin wannan, wata rana za a ga rigar a jikin wadda ta saya, ga hotonki da ita a wayar mutane.

Ƙa'idojin da ƙungiya za ta iya ɗauka

1. Duk kayan da za su kwana a hannun mai saye, a faɗi ranar dawowa, kada ya wuce kwana 3.
2. A buɗe kaya a duba tare kafin a rabu, da rana, ba da fitila ba.
3. Mai sayarwa ta rubuta suna da kaya da rana a littafinta. In ba ta rubutu, ta sa 'yarta ko sakatariya.
4. Kada a ba da kaya na gwaji ana jibi biki ko Sallah, sai da kafin alƙalami.
5. Kayan da aka sa, ko aka wanke, ko aka kai wa tela ya yanka, an saya ke nan.
6. In saɓani ya taso tsakanin 'yan ƙungiya, shugaba da mace biyu dattijai su saurare su a keɓe, ba a gaban taro ba.

A zama mai zuwa, sakatariya ta karanta waɗannan ƙa'idoji da babbar murya. Masu sana'ar sutura su faɗi wadda za ta yi musu wuya da dalili, masu saye ma su faɗi nasu. Abin da aka amince a kai a rubuta shi a littafin dokokin ƙungiya, kowa ta sa hannu ko ta dangwala yatsa.