Dogaran Ƙwaƙwalwa

Duk wanda ya tsaya bakin ruwa a Yelwa ko Warra da hantsi ya san yadda rana ke ƙyalli bisa tafkin Kainji. Duk da haka Basarke ya kan hango kwalekwale daga nesa, ya rarrabe shi da kututture. Mu kan ce idonsa ke da kaifi, alhali rabin aikin na ƙwaƙwalwa ne.

Abin da ido ya ɗauko, jijiyoyi ke kai shi can wajen ƙeya, inda sashen gani yake. A nan akwai ƙwayoyin jijiya iri biyu. Mafi yawa masu zuga ne, kowace na tā da ta kusa da ita. Sauran kuwa, kamar ɗaya cikin biyar, masu hani ne. Su kan fid da wani sinadari, GABA, wanda ke sa maƙwabtansu su yi shiru. Misalinsu kamar dogarai ne a fadar Sarkin Yauri: in ba su tsawata wa taro ba, ina za a ji mai ƙara?

Masana sun fi gane sashen nan ta wurin birai, gama ganinsu ya yi kusa da namu. Cikin 1968, shekarar da aka gama madatsar Kainji, Hubel da Wiesel, masu bincike a Amurka, suka nuna ƙwayoyin gani na biri kowace da irin layin da ta ke amsa wa, wata tsayayye, wata kwantacce, wata karkatacce. Masu hani ke danne hayaniyar gefe, har gefen kwalekwale ya fito sarai.

To, in dogaran nan suka kasa, sai ƙwayoyi su ɗauka gaba ɗaya, watau farfaɗiya ke nan. Waɗansu masu ita, walƙiyar rana bisa ruwa kaɗai ta isa ta tā musu da ciwon.

Saboda haka mu da za mu koyar a ƙauyukan Ngaski da Shanga, in yaro ya faɗi, kada mu gudu, gama ba a ɗaukarta ta yawu. Mu kwantar da shi ta gefe, kada mu cusa masa kome a baki. Mu gargaɗi iyaye kada ya shiga ruwa shi kaɗai, su kuma kai shi asibiti, akwai magungunan da ke ƙara wa dogaran ƙarfi. Allah ya kiyashe mu, amin.